Na Tura Ɗana Jami'a Sayen Abokai

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni ɗan kasuwa ne mai shagon kayan gini a Kasuwar Jalingo, kwano da ƙusa da fenti. Kakanmu ne ya zo daga Kano da fatauci ya zauna, mu a nan aka haife mu. Duk wanda ya san ni ya san ba na saurin yarda da mutum. Ko kwalin ƙusa aka sauke mini sai na zazzage shi na ga ƙasansa, kuma idan mutum ya cika gaishe ni sai in fara tunanin me yake nema. Wannan hali ya tsare mini dukiya, ban musa ba. Ɓarnar da ya yi mini a gida ce ta sa na rubuto muku.

Ina da ɗan fari, yaro mai ƙwaƙwalwa. Saboda kunyar ɗan fari ban cika sakewa da shi ba, ƙanena ne ya ja shi a jiki. Tela ne a unguwar Mayo Gwoi, a gindin kekensa yaron ya tashi, kuma shi ya yi jinyarsa lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da shi. Da yaron ya gama sakandare sai ya ci jarrabawar shiga wata jami'a mai zaman kanta, irin wadda ba kowa suke ɗauka ba. Da na ji kuɗin sai da na nemi wurin zama. Na tafi takanas na duba makarantar, na ga ciyawa shar da ɗakuna masu sanyi, na dawo ina ce wa matata mutanen nan ciyawa suke so su sayar mana, ai littafin da ake karantawa a can shi ake karantawa a jami'ar gwamnati.

Wani ɗan kwangila mai sayen kwano a wurina ne ya juya mini tunani. Ya yi mini dariya, ya ce har yanzu ban gane kasuwar ba, a irin wannan makaranta ba karatu ake biya ba, maƙwabcin gado ake biya. Wanda zai kwana kusa da ɗana ɗan mai sa hannu a kwangila ne, gobe kuma shi ne mai sa hannun. Nan take na ga jari. Na sayar da filina, na rage kayan shago, na biya. Ƙanena ya ce in bar yaro ya yi karatunsa kawai, na ce masa shi ɗinki ya sani.

Tun hutun farko na fara titsiye shi. Ban taɓa tambayarsa abin da aka koya masa ba. Tambayata ita ce da wa yake kwana, ɗan wane ne, uban me yake yi. Sai yaron nan ya zo mini gida da aboki, wai amininsa, ɗan Mumuye daga nan Kona, wanda makarantar ta ɗauke wa kuɗi saboda ƙoƙarinsa. Uban manomin doya ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa matata duk faɗin makarantar nan ɗanta ya rasa wanda zai jajibo sai wanda zai iya samu kyauta a bakin tasha. Su kuwa ba ruwansu, suna zaune a tabarma suna cin doya da manja, suna dariya har da faɗuwa. Ni kuma ina lura da yawan lomar abokin.

Daga nan zargi ya shige ni sosai. Na fara ganin kayan abincin da nake haɗa wa ɗana suna saurin ƙarewa. Na sa direbobin tasha su riƙa gaya mini wa ke biyan kuɗin mota idan za su koma. Ranar da na ga takalmin da na saya wa ɗana a ƙafar yaron, sai na ce na kama shi. Na kira shi shago shi kaɗai, na tambaye shi me da me yake karɓa a hannun ɗana. Ya ce Baba aro ne, shi ma rigarsa tana wurin ɗana, haka suke yi. Ban saurare shi ba. Na ce masa ban sayar da fili don in raini ɗan wani ba. Ya cire takalmin a gabana, ya ajiye kan buhun siminti, ya fita ba takalmi. Bai sake taka gidana ba. Da ɗana ya ji, na zaci zai yi rigima. Sai kawai ya ce to, ya gane abin da nake so.

Ya gane ɗin kuwa. Hutu na gaba a Abuja ya yi shi, gidan wani abokin karatunsa. Hotuna suka fara zuwa, shi da 'ya'yan manya a cikin manyan motoci. Duk da haka ban yarda ba, na ce ƙila raɓawa yake yi a ɗauke shi hoto, sai da na sa ya haɗa ni da ɗaya daga cikinsu a waya ya gaishe ni. Ɗana yana gama bautar ƙasa aiki na jiransa. Ba a jima ba aka fara aiko mini da odar kwano mota-mota ta hanyarsa. 'Yan kasuwa suka riƙa cewa jarina ya haihu, ni ma ina ta baza riga. Ba zan yi wa makarantar ƙarya ba, ta koyar da shi, kuma abin da na kashe ya dawo.

Sai maganar aurensa ta taso, 'yar wani babban gida. A al'adarmu baffan yaro ne ke shiga gaba wajen neman aure, shi ne kuma wakilin ango. Ƙanena ya ajiye ɗinkin mutane ya zauna ya yi wa kansa babbar riga, ya tanadi goro da alewa, yana ta gaya wa maƙwabta zai je nema wa ɗansa aure. Yaron ya zo gida, ya durƙusa da ladabi, ya ce ya riga ya roƙi mahaifin abokinsa na Abuja ya jagoranci neman auren, kuma shi zai karɓa masa auren. Ya ce gidan yarinyar suna duba wanda ya sauko daga mota, idan aka tambayi me Baffa yake yi, me za a ce? Na zuba masa ido ina neman alamar ramuwa ko baƙar magana, yadda na saba binciken fuskar mutane. Ban ga komai ba. Har zuciyarsa yana ganin daidai ya yi, yana ma jiran in yaba masa. Abin da ya tsorata ni ke nan.

Ni na je na gaya wa ƙanena. Ya ɗauke ƙafa daga keke, ya ce Allah ya sanya alheri. Sannan ya tambaye ni a hankali ko an yarda ya halarci ɗaurin auren. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ranar ɗaurin aure liman ya nemi wakilin ango, wani mutum da ban taɓa cin abinci da shi ba ya amsa. Ni da ƙanena muna can sahun baya, muka shafa fatiha tare da sauran 'yan gayya.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, makarantar ko 'ya'yan manyan, ban samu ba. Na zargi kowa a rayuwata, ban taɓa zargin tarbiyyar da nake yi da bakina ba. Iyaye, in kuna da hali ku kai 'ya'yanku makaranta mai kyau, ba na hana kowa. Amma ku kiyayi tambayar da kuke yi musu in sun dawo hutu, domin yaro yana gane abin da ubansa ya ɗauka da daraja, kuma da shi zai auna kowa, har ku. Har gobe in na biya ta shagon ƙanena sai ya tambaye ni lafiyar yaronmu, da yaushe zai zo gida. Ni kuma sai in ce masa yana gaishe shi, alhali bai ce ba.