Ƙwayar Seyni Mai Jiran Azahar

Seyni mai sayar da garin rogo ne a kasuwar Gaya, a zamanin da soja ke riƙe da mulki. Mutum ne mai jin ƙan mahaifiyarsa, mai kuma saurin gaskata tunanin kansa. Hali na farko abin yabo ne; na biyun shi ya kai shi bin akuya.

Mahaifiyarsa Ajuma ta kamu da ciwon da likita ya ce lalle a sha maganinsa da tsakar rana, ga azumi ya kama. Tsohuwa ta ce ko za ta mutu ba za ta sha ba. Seyni kuwa ya taɓa jin likitan na cewa a Turai akan lulluɓe magani da wani ɓawo mai narkewa sannu a hankali cikin ciki, yana sakin maganin kaɗan-kaɗan. Sai ya yanke cewa in ta haɗiye da sahur, ɓawon ya buɗe da azahar, an tsira da lafiya, an tsira da azumi.

Ya dama ƙaro da kullun rogo, yana tsoma ƙwayar maganin a ciki yana shanyawa. Ya jefa ta cikin ruwan tsamiya, wai shi ne cikin mutum. Ta narke kafin ya gyara zama. Ya ƙara kauri, ya ɗura wa akuyar maƙwabci, ya yini yana bin ta lungu-lungu. Ƙwaya ta fito yadda ta shiga. Mai hankali a nan zai koma wurin likita, domin cikin akuya ba hujja ba ne a kan cikin tsohuwa. Seyni kuwa sai ya sake dama wani kullun.

Da sahur ya kawo mata wani dunƙule kamar ƙwan zabo.

"Kai, haɗiya zan yi ko kwanci?" in ji Ajuma.

"Inna, haɗiye kawai. Shi ya san lokacinsa, sai azahar zai buɗe."

"Wa ya koya masa jin kiran salla?"

"Ƙaro ne, Inna."

"Wato in ci da rana a ɓoye cikin cikina, ina nuna wa mutane busasshen baki? Allah za ka yi wa wayo, ɗan nan? Gara in sha a fili, in rama bayan salla."

Da rana ta take tsaka, sai ta sa aka kawo mata ruwa da ƙwayar likita tsirararta, ta sha a gaban jikokinta. Haka ta yi kullum har ta miƙe.

Seyni har ya tsufa yana cewa dabararsa ce ta warkar da ita. Na auna maganar da kyau, kuma abin takaici, ban sami ta inda zan ƙaryata shi ba.