Ranar da Baba Ya Ɗanɗana Maganin Jikarsa

Ko zan manta komai na zamana a Faransa, ban da ranar da Baba ya ɗaga 'yar kwalbar magani ya juye a bakinsa ina tsaye ina kallo. 'Yata yanzu ta fi ni tsawo, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Mun dawo hutu daga Maraɗi ke nan, ni da 'yata, muka taho da Baba don a duba masa ido. Baba mai sayar da maganin gargajiya ne, kuma yana da wata ɗabi'a da ba ya wasa da ita: ba ya miƙa wa mutum magani sai ya fara sa shi a harshensa. Mu muna yara, ko jiƙon shawara ne sai ya kurɓa kafin ya ɗura mana.

Kafin ranar likitan ido muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, wajen ƙanwata mai karatun haɗa magunguna. Ita kuwa baki gare ta. Muna cin abinci ta ɗauko labarin wani tsohon likita Bajamushe da ya ƙare rayuwarsa a Paris. Ta ce a zamanin da likitoci ke tsaga mutum su zubar masa da jini da sunan magani, shi ya ce bai yarda ba. Ya sha ɓawon itacen kinin, na maganin zazzaɓi, lafiyarsa lau don ya ji abin da zai yi masa, ya kuma sa almajiransa suka riƙa gwada magunguna a jikinsu. Daga nan ya ce abin da ke kawo ciwo shi zai kore shi, in an sirka shi da ruwa an sake sirkawa. Daga baya masu haɗa magani, har da na nan Lyon, suka yawaita shi a 'yan ƙwayoyi farare. Ta so ta ci gaba, Baba ya ajiye cokali ya katse ta.

"Shi da kansa ya sha? To wannan Bature ɗan halas ne. Namu ne."

Muka yi ta dariya. Da mun bar ta ta ƙarasa, da ban sha firgicin da na sha ba.

Da muka koma Aubervilliers, inda nake zaune a gefen Paris, sai 'yata ta fara zazzaɓi. Na ɗauka canjin iska ne. Maƙwabciyata, wata tsohuwar Baturiya mai kirki, ta ji kukanta ta kawo mini 'yar siririyar kwalba cike da waɗannan ƙwayoyi, ta ce da su ta reni 'ya'yanta, a sa kaɗan a ƙarƙashin harshe. Da hantsi ne. Ina ƙoƙarin buɗewa Baba ya miƙo hannu.

"Kawo nan. Ba a ba matata abin da ban ɗanɗana ba."

Haka yake tsokanar jikar tasa. Ya murɗa murfin ya ƙi, ya sa haƙori ya ɓalle shi, ga ido ba ya gani sosai, ya ɗaga kai ya kaɗa. Duka suka zube a bakinsa. Ya taune ƙurus-ƙurus ya haɗiye.

Na fizge kwalbar na buga sunan da ke jiki a wayata. Kalmar farko da ta fito ita ce guba, ganyen da ke iya kashe mutum. Ga yarinya kwance jiki kamar garwashi, ga tsoho na ɗauko daga garinsa ya zo ya sha ajalinsa a ɗakina. Me zan ce wa Inna? Na kira ƙanwata ina kuka ina haɗa Hausa da Faransanci, ita kanta da ƙyar ta gane ni.

"Yaya, tsaya. Karanta mini lambar da ke gaban sunan."

Na karanta. Sai na ji ta sauke ajiyar zuciya.

"Babu abin da zai same shi. An sirka shi har babu sauran ganyen a ciki. Sukari ne ya ci."

Baba da ke zaune yana suɗar haƙori ya ce, "Ai na ji. Alewa ce. Ko ɗaci babu, ina magani a nan?" Ransa ya ɓaci sosai, kamar ɗan halas ɗin nasa ya ci amanarsa.

Ban gama farfaɗowa ba muryar ƙanwata ta canza. "Tsaya, wa za ki ba shi tun farko?" Na ce yarinya ce ke zazzaɓi. Sai ta daka mini tsawar da ba ta taɓa yi mini ba.

"Yarinyar da ta baro Maraɗi da damina? Yaya, palu ne sai an tabbatar ba shi ba ne! Ki ɗauke ta yanzun nan, ki faɗa musu daga Nijar kuka taho."

Palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ciwon da na tashi a cikinsa, bai ko zo mini a rai ba, don kawai ina ganin dogayen benaye ta taga. A asibiti aka ɗebi jininta, kuma shi ɗin ne. Likitar ta ce mun yi sa'a da muka zo da wuri. Da na biye wa ƙwayoyin nan ina jiran su yi aiki, Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Ban ji haushin maƙwabciyata ba, abin da ta yarda da shi ta ba ni. Baba kuma bai daina yabon tsohon likitan ba, sai dai ya ce ruwan ne ya yi yawa. Ni dai tun daga ranar na koyi cewa kyan kwalba da sunan ƙasar da aka yi ta ba su isa ba. Kafin wani abu ya shiga bakin 'yata, sai na tambayi wanda ya sani mene ne a ciki, sai kuma na san ciwon da nake yi wa magani.