Kunyar Ɗan Fari a Gaban Likita

Yayana ya girme ni da shekara biyu, amma a wajen surutu na girme shi da shekara ɗari. A ƙauyenmu na bakin kogin Kwara, tsakanin Bagudo da Illo, cewa ake yi ni na kwashe rabon bakinsa tun muna ciki. In ya yi magana ma ba da kai yake ba. Sunayen garuruwan bakin kogi yake jerowa, daga Illo har cikin Dahomi, ya sake dawowa da su, hannunsa na gyaran taru. Duk masuncin da tarunsa ya yage, gidanmu yake kawowa. Kifin da ya faɗa tarun da Yaya ya gyara, sai dai ya bar wasiyya.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka gitta gora, shingen iyaka, a hanyar da ke fita Illo zuwa Dahomi, aka ajiye sabon ma'aikaci mai kaki. Yaya kuwa kowace ranar kasuwa nan yake bi ya sayo zare wurin wani Badendi. Da ya tarar da gora, sai ya ɗauke ta ya jingine a gefe, ya wuce. Mai kaki ya yi tsawa, ya cafko kafaɗarsa. Yaya ba ya son a taɓa shi. Ya kurma ihu, ya fizge, mai kaki ya tafi da baya cikin rami, shi kuma ya zauna ya toshe kunnuwa yana jero garuruwansa.

Aka kai shi gaban alƙali a Bagudo. Alƙali ya ce akwai likita mai rangadi da zai iso, a bari ya duba shi. In hauka ne, gidan mahaukata na birni za a kai shi, inda muka ji ana sa wa mutum mari a ƙafa. Babanmu ya rasu, don haka ni da Inna muka je.

Likitan saurayi ne daga Kudu, ba ya jin Hausa, malamin asibiti ke yi masa tafinta. Na zaci allura zai fito da ita mai tsawon galma. Sai ga shi da akwatin katakai masu launi, irin na wasan yara. Ya nuna wa Yaya zane, ya ce ya jera su haka. Kafin likita ya gama duba agogonsa Yaya ya gama, har ya miƙa hannu ya daidaita masa alƙalumansa a kan tebur. Likita ya fito da takarda mai dabbare-dabbaren baƙi ya ce me ya gani. Yaya ya ce, "Tawada." Ni da na leƙa, kuraye biyu na gani suna kokawa kan ƙafar jaki, na kuwa faɗa. Likita ya dube ni ya rubuta wani abu. Har yau ina son in san me ya rubuta.

Ya ce ya lura Yaya ba ya kallon idonsa. Malamin asibiti ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, tun safe wa ka ga ya kalli idonka a garin nan? Ladabi ne." Likita ya soke layin.

Daga nan ya yi mana bayani. Ya ce abu biyu ne masu kama da juna in daga nesa ka hango su. Ɗaya ciwo ne da ke faɗa wa mutum yana saurayi, bayan da lafiyarsa ƙalau: ya fara jin muryoyin da ba kowa, yana zargin mutane. Wannan yana son magani da asibiti. Ɗayan kuwa da shi ake haihuwar mutum, halittarsa ce, kulle shi ba abin da zai ƙara sai wahala. Katakai sun ba shi haske, amma ba za su yanke ba. Sai ya san yaushe abin ya fara.

Nan fa na ga baƙo yana son labari, kuma a gidanmu ba a barin baƙo da yunwa. Na gyara zama. Na ce ai shekaran bara ne, Yaya ya je wanka, aljanar ruwa mai gashi har Yawuri ta riƙe shi kwana uku, tun daga nan da ita yake hira. Alƙalamin likita ya kama gudu. Malamin asibiti ya take mini ƙafa.

"Kai, sarkin baki! Mi kaka yi? Da harshenka za ka tura ɗan'uwanka birni?"

Na ce wallahi ƙari na yi, ba aljana, ko wankan ma ban tabbata ba. Amma likita ya riga ya gane irin kayan da nake sayarwa. Ya ce a kira uwar.

To, Yaya ɗan fari ne. Kakarmu ce ta goye shi bayan yaye, ita kuma ta rasu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta zauna tabarma ɗaya da shi ba. Ta shigo ta durƙusa a bakin ƙofa. Likita ya ce ta ba shi labarin ɗanta yana jariri.

Inna ta ce, "Ban san shi ba."

Likita ya ajiye alƙalami, ya dubi malamin asibiti. Malam ya yi ta fama da Turanci yana fassara masa kunyar ɗan fari, har gumi ya jiƙa masa hula. Likita ya ce ya ji, amma motarsa za ta tashi bayan azahar, kuma ba zai sa hannu a kan abin da bai sani ba. In ba shaida, sai a kai shi birni su duba da kyau.

Yaya na ta jero garuruwansa, ya kai Gaya yana juyowa. Can sai Inna ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi.

"Malam," in ji ta, "akwai wata mata da na sani."

Ta ce matar nan ta haifi wani yaro da ba ya miƙa hannu a ɗauke shi. A kira shi ba ya waiwaya, har aka zaci kurma ne, amma yana jin filafilin jirgin ruwan ubansa tun kowa bai ji ba. Bai yi magana ba sai da ya shekara huɗu, kuma da sunan gari ya fara. Yakan jera ƙwallayen goruba a gindin bango, in kaza ta ture ɗaya ya yini yana kuka. Tuwo in ya taɓa miya kafin ya sa hannu, ya fasa ci. Ta yi ta kawo su ɗaya bayan ɗaya, har da ranar da haƙorinsa ya fita da inda ya ɓoye shi.

"Yadda shike a goye, haka shike yau. Ba abin da ya shige shi. Wanga yaro bai taɓa cewa wani na bin shi ba."

Na saki baki. Matar da ko inuwarsa ba ta kallo a gaban mutane, yaushe ta ga duk wannan? Likita ya tambaya yaya aka yi ta san ɗan wata haka. Malamin asibiti ya ƙi fassara wannan, ya ce masa kawai ya rubuta.

Ya rubuta, shafi guda da rabi. Alƙali ya sa aka karanta masa, ya ce Yaya ya koma gida, da sharaɗin duk ranar kasuwa in raka shi in yi wa mai kaki magana kafin a taɓa gora.

Muka fito, rana ta take. Inna na gaba, ba ta waiwayo ba. Sai da muka kusa mashigar kogi ta rage tafiya har na cim mata.

"Ka ce ma wancan shi sa takalminai," in ji ta. "Ƙasa da zafi."