Baiwa Mai Wanki da Dutsen Bagzan

Kafin masu sallar asuba su watse daga masallaci, Baiwa ta riga ta hura wuta a bayan ɗakin haihuwa na Matameye. Tukunya biyu take ɗorawa, ɗaya ta wanki, ɗaya ta ruwan zafin masu jego. Sai ta shiga ciki ta tattaro zannuwan da haihuwa ta ɓata, waɗanda ko dangin mai jegon ba sa son taɓawa, ta zauna a kujerarta 'yar tsuguno ta kama cuɗa. Shekara talatin da huɗu tana wannan aiki, kuma ranar Alhamis da ta wuce ta ajiye shi. Babu ganga, babu jawabi. An ba ta turmin atamfa, ta yi godiya, ta ɗauraye bahonta ta kife, ta kama hanyar gida.

Ni Buraima, wanda garin nan ya sani da Mushe Buraima saboda shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal, na ɗauki alƙalami in jinjina mata. Amma in faɗa muku gaskiya tun yanzu, kaina a sunkuye nake rubutun nan. Ina da hannu a labarin, kuma ba hannun kirki ba ne.

Bana fari ya dawo, soja ma sun dawo kan mulki, har tsofaffi na cewa kamar shekarar tamanin da huɗu. To, ni na ga tamanin da huɗu, kuma Allah kada ya maimaita mana. Gero ya ƙone a gona tun bai kai gwiwa ba. Raken fadamarmu da muke taƙama da shi ya zama kara. An rufe iyaka, mazan da suka tafi cirani Kano da Katsina suka maƙale can, har da Idirisa mijin Baiwa. Rijiyar ɗakin haihuwa ta ƙafe ƙaf, guga ya koma jawo laka. Mace ta haihu, a rasa ruwan da za a wanke ta, balle a yi maganar wankan jego na kwana arba'in. Wata yarinya daga Icirnawa ta haihu lafiya lau, kwana huɗu zazzaɓi ya tafi da ita. Baiwa ce ta goge zanenta da toka da rairayi, don babu abin da za ta tsoma shi a ciki.

A cikin wannan hali ungozomar likita, Madam Hadiza, ta dawo daga Damagaram da labari. Wata ƙungiyar mata ma'aikata za ta hau dutsen Bagzan, can ƙasar Agadas, don neman taimako. Masu agaji sun yi alkawari: duk garin da ya tura mace ta kai ƙolin dutsen, riƙe da takardar shaidar cewa mutanen garinta sun tsaya mata, za a haƙa wa ɗakin haihuwarsu rijiya mai zurfi da fanfo. Guzuri da mota da takalmi kuwa, gari ne zai ɗauki nauyi. Madam Hadiza ba ta da halin barin masu naƙuda. Baiwa ta yarfe hannu daga cikin baho ta ce, "Madam, in dai ƙafa ce ake so ba ilmi ba, a rubuta ni."

Matar da tudun da ya fi kowane tsawo a idonta shi ne jigawar bayan gari!

Wurina ta fara zuwa, ta durƙusa daga bakin zaure. "Mushe, taimako na zo nema. A rubuta mini takarda da Faransanci, in kai wa Kumandan ya ba ni izinin tafiya, in kai wa alhazai su sa hannu." Na rubuta mata, ban ƙi ba. Da ta miƙo ta ce in fara sa nawa hannun, sai na ajiye alƙalamin. Lokacin soja ne, ma'aikaci ba ya sa suna a takardar da bai san inda za ta kwana ba. Na ce ta bar mini ita zuwa gobe in duba kurakurai.

Ba kuskure na duba ba. Da la'asar na ɗauki takardar na kai majalisarmu ta bakin kasuwa, na karanta musu, ina fassarawa da muryar mata, ina rangwaɗa. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Yunwa ta hana mu dariya wata da watanni, ranar muka same ta a bagas. Wani ya ce mijinta ba ya nan shi ya sa ta sami sake. Ni kuma, ni da bakina, na ce ai mun yi Akuyar Bagzan. Wallahi kafin magariba sunan ya zagaye gari.

Washegari ta zo ta karɓi takardarta. Ta shiga bin gidajen masu hali. Alhaji Bawa mai shago ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya sa aka auno mata tiyar jar dawa, ya ce, "Baiwa, da kin ce yunwa ce kawai, ai ba sai kin ƙago dutse ba." Ta karɓa, don ba a mayar da hannun kyauta baya, ta kai wa masu jego aka dama musu kunu. Ta yi kwana uku a gindin bishiyar bedi ta ofishin Kumandan kafin a buga mata hatimi. Kullum da hantsi kuma, in ta shanya wanki, sai ta cika tulu da rairayi ta ɗora a kan gammo ta yi ta hawan jigawa tana sauka. Mu muna daga nesa muna cewa iska ce ta taɓa ta.

Maza ko ɗaya bai sa hannu ba. Amma sai ga saƙo yana fitowa daga cikin gidaje: a kira mana Baiwa. Matan da ta wanke wa jini, matan 'yan cirani da ba su san bihim ba a boko, su suka karɓi takardar. Ba su iya sa hannu ba, sai suka kankaro baƙin tukunya suka kwaɓa da ɗigon man gyaɗa, kowace ta dangwala babban yatsa. Takardar da na ƙawata da rubutuna ta koma baƙa ƙirin gaba da baya, har aka ɗinka mata wata da zare. Wannan ta ba da ƙuli-ƙuli, waccan busasshen zogale, tsohuwa Gambo ta ciro bargon aurenta. Cha'ibu baduku ya yanka mata takalmin taya, Mahamadu direba ya ɗora ta kan kaya har Damagaram bai karɓi ko sisi ba.

Abin da ya faru a dutsen, Maryama ce ta ba mu labari, wata ma'aikaciyar likita ta Damagaram da suka hau tare. Ta ce an raba musu manyan takalma irin na soja, Baiwa ta ɗaure nata a cikin ƙunshi wai kada su lalace, ta ci gaba da na tayarta. Ta ce ranar farko da Baiwa ta waiga ƙasa, sai ta zauna daɓas ta rufe ido tana salati. Aka ce ko za ta koma. Ta ce, "In koma in ce wa masu yatsun nan me?" Rana ta biyu jakin da ke ɗauke da ruwa ya turje a wata matsattsiyar hanya, sai ta naɗa gammo ta ɗauki jarka guda a ka. Ta kai ƙoli da farce biyu a cire. Sauran mata na guɗa suna ɗaukar hoto, ita kuwa tambayarta ɗaya ce: "An sa shaidar a takardata? To mu sauka, na baro wanki."

Baiwa, ke ce kika hau dutse don matan wasu su yi wanka. Ke ce uwar jego ta gari duka, wadda ba a kira ranar suna sai in za a kwashe kwanuka. Kowane yaron da aka haifa a ɗakin nan tun daga tamanin da biyar, da ruwanki aka fara wanke shi. Ɗiyata Zainabu na cikinsu, kuma uwarta Hawa ta yi arba'in ɗinta cur da ruwan zafin da kika dafa.

Ranar buɗe fanfo aka kafa rumfa, manya suka zauna a kujeru, Baiwa na baya tana ɗebo wa baƙi ruwa. Aka tashi karanta sunayen waɗanda suka tsaya mata. Sunan farko da aka kira nawa ne. Ashe da aka tambaye ta, cewa ta yi a fara da Mushe Buraima, shi ya rubuta takarda. Aka tafa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na miƙe tsaye na ɗaga hannu. Shekara ashirin da biyar ana ce mini "kai da ka taimaka aka samu fanfo", ina amsawa da "ai yi wa kai ne".

Shekaranjiya na kasa daurewa, na je gidanta. Na tarar tana tsince zogale a tsakar gida. Na tuɓe takalmi na tsuguna, na faɗa mata duk abin da na yi a majalisa, na roƙi gafara.

Ta yi murmushi ta ce, "Haba Mushe, ai tun ranar na ji. Kuma da ba ka karanta musu ba, ta ina mata za su sani? Kowane miji ya koma gida ya ba matarsa labari don ta yi dariya, shi ne suka aiko a kira ni."

Na fara sakin ajiyar zuciya, sai ta ɗago ta dube ni. "Na yafe maka duniya da lahira. Amma sunan nan ya yi mini ciwo, Mushe. Har ɗiyata ta yi aure ana ce mata 'yar akuya."



Mun gode, Baiwa. Allah ya saka miki da ruwan Alkausara, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma 'yan Matameye, ga fari ya sake zagayowa, kuma tabbas wata za ta tsaya a ƙofar wani da takarda a hannu da maganar da ta yi kama da hauka. Ku yi irin ta Baiwa in kuna da ƙafa, ku yi irin ta masu baƙin tukunya in yatsa kawai gare ku. Sunana kuwa, duk mai riƙe da jerin nan na ranar buɗe fanfo, ina roƙonsa ya soke shi, ya rubuta na Gambo a wurin.