Shekara Biyun Odell Gaskins a Gaban Tukwane

Shekara ashirin da biyu Odell Gaskins ya yi yana tuƙa babbar mota daga Ohio zuwa duk inda aka ce a kai kaya. Mutum ne mai ƙiba, mara yawan magana, wanda bai taɓa cin bashin ko sisi ba, abin da a unguwarmu ake yi wa kallon ciwo. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Renita.

Da Renita ta gama sakandare, ta shiga kwalejin gari, mai araha, wadda ake shekara biyu sannan a nemi jami'ar da za a ƙarasa digiri. A nan ne ake yanka mutane. Odell ya ga 'ya'yan abokansa sun fito da takarda a hannu da bashin da za su tsufa suna biya, ya rantse tasa ba za ta shiga wannan ba.

A shagon aski ya ji cewa jami'ar nan mai tsada da ke kan tudu tana koyar da 'ya'yan ma'aikatanta kyauta, in uban ya cika shekara biyu yana aiki. Bai yi shawara da kowa ba. Ya ajiye makullin mota, ya karɓi aikin wanke tukwane a kicin ɗin ɗaliban jami'ar, a kan sulusin abin da yake samu a da.

"Odell, an ce yanzu har da ɗankwali kake ɗaurawa?" in ji Cleon wanzami, ran da Odell ya koma aski.

"Hular rufe gashi ce ta kicin."

"To Allah ya kai mu bikinka. Ka iya girki, ka iya wanke-wanke, wa zai bar ka?"

Odell ya bar su suka yi dariyarsu. Wallahi ni har yau abin yana ba ni mamaki. Mutum mai shekara hamsin da takwas, a tsaye awa takwas cikin tururi, gwiwar hagu ta kumbura kamar gwanda, kuma ba a taɓa jin ya ce wash ba. Bai yi fashin kwana ɗaya ba.

Ran da shekara biyu suka cika, ya goge farar riga ya tafi ofishin ma'aikata. Matar da ke wurin ta nemi sunansa ta rasa. Ta ce ya nuna mata takardar albashi, ta duba, sai ta cire tabarau.

"Mista Gaskins, kicin ɗin kwangila aka ba wani kamfani. Su kake yi wa aiki, ba jami'a ba."

Sunan kamfanin yana nan a saman takardar, duk sati biyu yana ganinsa, bai taɓa kawo komai a ransa ba. Matar, don tausayi, ta ce akwai gurbin masu yankan ciyawa da kwashe dusar ƙanƙara, su na jami'a ne, amma lissafin shekara biyun zai fara daga farko. Odell ya ce ta ba shi takardar ya cike.

A gida ya tarar da Renita da wasiƙu biyu a kan teburin cin abinci. Jami'ar kan tudu ta ɗauke ta, da bashin dala dubu hamsin da biyu. Jami'ar jiha, mai nisan awa uku, ta ɗauke ta karatun jinya, da bashin dubu goma sha tara. Ya gaya mata abin da ya faru, bai rage komai ba. Ya ce ta haƙura ta yi aiki a kantin magani shekara biyu, shi zai sake farawa.

Renita ba ta yi kuka ba, ko da yake idonta ya kaɗa. Ta juya bayan ambulan ta nuna masa lissafi da fensir: dala ɗari biyu da 'yan kai duk wata, tsawon shekara goma, a jami'ar jiha. Ta riga ta kira su, sun yarda da duk darussan da ta yi a kwaleji sai ɗaya.

"Ba za ki ci bashi ina raye ba."

"Baba, da sunana zan ci, ba da naka ba."

"Shekara biyu ce kawai, 'yar nan."

"Na ga yadda kake hawa matakalar gidan nan. Gwiwarka ba ta da shekara biyu. Ni ina da goma."

Odell ya ji kunya, ya ji haushi, kuma ya ji wani irin kwarjinin yarinyar da bai san tana da shi ba. Ta miƙa hannu, ya ba ta takardar yankan ciyawar, ta ninke ta sa a aljihunta. A gabansa ta sa hannu a takardar bashin, yana kallon alƙalamin har ta gama.

Cikin watan Agusta shi ya kai ta jami'ar jihar da kansa. Ɗakinta yana hawa na uku. Ya kai hannu ga akwati mafi nauyi, ta riga shi, ta miƙa masa filo biyu ta ce ya biyo ta a hankali. Ya bi ta.