Na Juya Masa Baya Ina Tsince Wake

Shekara tara ke nan cur, da kakar bana, da jirgin sojan sama ya faɗo da ɗana na fari. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Kada mai karatu ya nemi sunansa a nan. Mu a gidanmu na Katagum uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna wa mutane ya dame ta. Haka na tarar, haka na riƙe.

Bakanike ne, shi ke gyaran jiragen. Farkon shigarsa aikin, in jirgi ya gifta saman Azare sai maƙwabta su leƙo ta katanga su ce, "Hajiya, ga naku can." Ni kuwa in sunkuyar da kai kamar ban ji ba.

Zuwansa na ƙarshe da la'asar ne. Ya durƙusa bakin ƙofata, ina kan tabarma ina tsince wake, na juya masa baya yadda aka saba. Ya gaishe ni, na amsa wa bango. Shi ma sai ya shiga gaya wa bangon. Ya ce an rage musu kuɗin kayan gyara, an sake ragewa. Jiragen na nan jere kamar kaji masu kwanci. In za a tayar da ɗaya, sai a kwance ƙarfe a jikin wannan, a ciro waya a cikin wancan. Wanda aka yashe wa ciki a shafe shi da fenti, don in manya sun zo zagaye su ƙirga shi cikin masu rai. Kuma duk jirgin da ya harhaɗa, sai ya sa hannu cewa lafiya lau yake, sa'an nan ya shiga a tashi da shi.

Ya ce, "Inna, tsoro nake ji. So nake in ajiye, in buɗe gareji a hanyar Jama'are. In kin ce in bari, na bari."

Kalma ɗaya ya zo nema tun daga bariki, kuma tana kan harshena. Amma ƙanwar mahaifinsa na tsakar gida, ta tsayar da daka tana saurare. In na furta, kafin magariba unguwa ta ɗauka cewa Hajiya ta zubar da kunya, tana lallashin ɗan fari kamar auta. Sai na ɗaga murya na ce, "Gwaggo, gaya wa mutumin nan bin na gaba bin Allah ne."

Ya ce, "To, Inna." Ban ga fuskarsa ba. Ƙarar takalminsa kawai na ji har zaure. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Shi ya kawo tsoronsa gida, kunya ta mayar da shi.

Ba a rufa wata biyu ba suka kawo akwati, an buga masa ƙusa, an lulluɓe da tuta. Mun riga mun ɗumama ruwa da ganyen magarya, an yanko likkafani. Hafsan da ya rako shi ya ce kada a buɗe, babu abin wankewa. Ruwan ya huce, aka zubar. Hafsan ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma waɗanda suka hana kuɗin kayan gyara mutane ne, suna da suna, suna cin tuwo.

Makon jiya na ji wani babba a rediyo yana cewa za a ƙara tsuke kuɗin soja, amma kowa ya kwantar da hankali, jirage sun wadata, samanmu a tsare yake. Da ɗana yana raye, na san dariyarsa ta cikin hanci zai yi, ya ce masu tashi aka ƙirga ko masu fenti? Yanzu sai a yi damina a yi rani, ba abin da ke ratsa saman Azare sai shirwa. Su kuwa manyan, in sun zo ta'aziyyar junansu, motoci ne sababbi jere har ƙarshen layi, ban ga wadda aka ciro wa taya aka sa wa wata ba. Wai ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan dai ya ci ɗana, har da sauran wuri.

Me ya rage nasa? Matarsa ta yi aure a Giade, ta tafi da 'ya'yan. Abokan aikinsa sun daina aiko gaisuwa. Abin da bai mutu ba shi ne yabon da na samu a kansa, don ranar makoki hawaye ko ɗigo ban zubar ba. Ran Juma'ar da ta wuce aka yi suna a maƙwabta, haihuwar fari. Tsofaffi suka kawo mai jego gabana, tana rungume da ɗanta tana sunsunar kansa. Suka ce, "Ke, yi koyi da Hajiya. Nata ya ƙone a sama, ko ido ba ta ƙifta ba."

Yarinyar ta dube ni. Ta miƙa wa wata jaririn, ta kau da kai. Aka jira abin da zan ce.

Na ce Allah ya yi mata albarka.