Ƙarshen da Na Yanke wa Tatsuniyar Iya

Ni ne wanda kuke gani a waya da baƙar riga, ina rera waƙa ina buga ƙafa a dandamali. Karatuna bai wuce sakandare a Ikara ba. Duk abin da na iya na juya murya, da sanin inda zan yi shiru jama'a su yi tsit, a gaban murhun kakata na koye shi, a ƙauyenmu kusa da Kudan. Da wannan abin da ta koya min ne kuma na cuci ɗanta. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Iya muke ce mata. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da murhu, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Lokacin yankan rake gidan duk ƙamshin mazarƙwaila yake, don ƙanen mahaifina, Baba Sale, ita ce sana'arsa. Mutum ne marar magana, yana da tabon ƙuna daga wuyan hannun dama har gwiwar hannu, kuma shi ke kiran salla a masallacin unguwarmu.

"Kai, mijina mai kai kamar ƙwarya," in ji Iya idan na fara mutsu-mutsu, "ko ka zauna ko na sake miji yanzun nan." Sai ta daki cinya ta ce, "To, ga wata ta iso bakin ƙofa." Mu kuma mu ce, "A shigo da ita!"

Tatsuniyoyinta na da yawa, amma akwai guda da ba ta yi sai sau ɗaya a shekara, ranar da aka fara yankan rake. Ranar ba ta wasa da kowa. Takan ɗaga murya fiye da kullum, ta juya fuska wajen rumbu, ba wajenmu ba. Ni a zatona tsufa ne.

Wai wata uwar kurege ce da 'ya'ya biyu a cikin gonar rake. Wata rana babban ya ga maciji ya shige cikin tarin busasshen ganye, sai ya ce bari ya kore shi kada ya sari ƙanensa. Ya ɗebo garwashi daga murhun masu dafa mazarƙwaila ya jefa. Bai san ƙanen nasa yana barci a ƙarƙashin ganyen ba. Da ya ji ihu ya kutsa hannu cikin wuta, amma bai fito da komai ba. Sai ya gudu daji, ya ce bai cancanci gida ba. Uwar ta bi shi kwana uku tana waƙa, "Dawo gida ɗana, tuwo na hucewa." Da ta same shi a cikin rami, ta zauna a bakin ramin ta ce, "Wuta ta ci min ɗaya, ba zan bar daji ya ci min na biyu ba. Na yafe, na yafe, na yafe. Fito mu tafi."

A nan Iya take tsayawa. Ta tono dankali ta raba mana, ta ce, "Na ajiye ta nan. Mai ita ya ɗauka."

Na girma, na fara rubuta waƙoƙi ina karantawa a taron makaranta. Daga nan wani gidan rediyo a Zariya ya ba ni 'yan mintuna, na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo, na fara rubuta mana wasanni da kaina. Ana yabona kaɗan-kaɗan, ni kuwa yunwar suna ke cina.

A zaman makokin Iya ne wani tsoho ya saki baki a gabana. Ya ce Allah ya jiƙan matar nan, ita da ta binne ɗan shekara biyar ta kuma hana kowa ya ɗaga wa wansa murya. Na tambaye shi wane ɗa. Ya dube ni, ya gane ban sani ba, ya yi ta istigfari. Amma magana ta riga ta fita. Baba Sale yana da shekara goma sha biyu lokacin. Ƙanensa Isuhu ne a ƙarƙashin ganyen.

Da ni mutumin kirki ne, da kuka zan yi. Abin da na ji a raina kuwa shi ne na sami wasa.

Na cire kuregen na sa mutane. Na sa gonar rake, na sa ladan mai tabo a hannun dama, kuma ni na fito a matsayinsa, da irin tafiyarsa ta sunkuyar da kai da tarin da yake yi kafin ya yi magana. Uwar ma ni nake yi, da muryar Iya. Da muke gwaji, wani abokin aikina ya ce yafiyar uwar tana kashe wasan, mutane za su tashi ba su ji komai ba. Ban yi musu ba, don ni ma na ga haka. Na rubuta sabon ƙarshe. Uwar ta tsaya a bakin ramin ta ce, "Ba ni na haife ka ba," fitila ta mutu. A Kaduna sai da mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Aka fara kirana da malam, aka fara gayyata ta garuruwan da ban taɓa zuwa ba.

Na gaya wa kaina mutanen ƙauye ba za su gani ba. Sai aka gayyace mu wani taro a Makarfi, na kuma amsa. Wani ya ɗauka a waya. Kafin mako ya zagayo hoton ya shiga ƙauyenmu. Tsofaffin da suka rufe bakinsu shekara da shekaru ba su ce komai ba, amma matasa sun gane tabon, sun gane tarin. Yara suka fara bin Baba Sale suna cewa mai garwashi. Ya daina kiran salla. Ya daina kai mazarƙwaila kasuwa. Daga baya ya tattara ya koma Malikanchi wajen 'yarsa. Mahaifina ya aiko min da magana ɗaya, cewa kada in taka masa gida.

Sai da na yi wata huɗu kafin na iya zuwa Malikanchi. Na same shi da hantsi a zaure, ya rame, yana gyaran igiya. Na durƙusa.

"Baba, ina kwana. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Habu. Ya hanya? Ya mutanen birni?"

Muka yi ta gaisuwa kamar babu komai. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Na gani," ya ce. "Jikata ta nuna min har ƙarshe. Ka iya tafiyata, wallahi, har tarin. Amma ina sauran?"

"Wane saura, Baba?"

"Ba a nan take tsayawa ba." Ya yi tari. "Kai kana gaban murhu kana jiran dankali. Ni ina bayan rumbu. Duk shekara can nake zama. Ba ta taɓa iya faɗa min ido da ido ba, ni ma ban taɓa iya tambayarta ba. Sai ta faɗa wa kurege. Da wannan nake kai wata shekarar. Yanzu ga shi ka sa ta ce ba ita ta haife ni ba, kuma da muryarta ka faɗa."

Ya ajiye igiyar.

"Tunda ka iya muryarta, faɗa min na gaskiyar. Sau ɗaya. Tun da ta rasu ban ji ba."

A nan ne babban laifina, ya fi na farko. Jimla uku ce ya roƙa, a zaure, ba kowa sai ni da shi da wata akuya. Amma kunya ta kama ni, girman kai kuma ya taya ta. Na ce, "Baba, ba a nan ba. Zan gyara wasan gaba ɗaya, in dawo da shi Makarfi, in sa ka a gaba, in faɗa kowa ya ji, in wanke ka." Har cikin tubana dandamali nake nema.

Ya ɗauki igiyarsa ya ce, "To. Allah ya kai mu."

Na koma Kaduna na shiga gyara da neman wuri da buga takardun gayyata. Ana saura kwana tara 'yarsa ta kira ni ta ce an yi jana'izarsa da safe. Ta kashe waya.

Na gyara wasan. Yanzu duk inda na je da ƙarshen Iya nake rufewa, amma tsohon hoton shi ke yawo a wayoyin mutane, ba ni da ikon janye shi. Da ina ɗauka tatsuniya ta duk wanda ya ji ce, sai yanzu na gane abin da take nufi da mai ita ya ɗauka. Mu yara an tara mu ne kawai don ta sami dalilin ɗaga murya.

Bara a Kudan, lokacin yankan rake, na tsaya a gaban jama'a na juya murya ta zama tata, na ce na yafe sau uku. Aka yi ta tafi, wata tsohuwa tana share hawaye. Ni kuwa ina ta duban bayan taron, wajen wani rumbu da ke gefen filin. Babu kowa a bayansa.